Maɓallin Da Littafi Bai Ambata Ba

Akwai wani matashi ɗan Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, sunansa Mudassir. Ya yi digiri a harshen Hausa, kuma gaskiya baki kam Allah ya ba shi. Idan ya miƙe a wurin walima, kalmomi zubowa suke kamar an kwance bakin buhun gero. Matsalarsa ɗaya ce. Ya san ya iya, kuma duk wanda bai iya irin tasa ba, a wurinsa bai iya komai ba.

Bayan ya gama bautar ƙasa sai ya samu aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai ofis a Gaya, wadda ke taimakon makiyaya. Ƙungiyar ta sa an yi mata manhajar waya mai suna Garkena. Aikinta mai sauƙi ne. Wakili zai bi ruga-ruga, ya rubuta sunan mai shanu da yawan shanunsa. Tunda a daji ba kullum ake samun sabis ba, sai aka yi maɓallai biyu. Na farko an rubuta masa "Adana", shi ne ke riƙe bayanin a cikin wayar. Na biyu an rubuta masa "Tura", shi ne ke kai bayanin ofis idan an samu sabis.

A bana za a gwada ta a mazaɓu biyu, Gafasa da Toranke. Shugaban ofishin, Malam Barau, ya faɗa musu dokar tun farko: shanun da bayaninsu ya iso ofis kafin azahar ta ranar Alhamis, su kaɗai za a kawo wa allurar rigakafin ciwon huhu ranar Litinin. Waɗanda ba su iso ba, sai zagaye na gaba, bayan wata biyu.

Mudassir yana jin haka ya kira kawunsa Bubayero, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Damina ta kusa kankama, manoma sun fara shuka, kuma Kawu ya riga ya shirya kora garkensa zuwa mashekari, can nesa da gonaki inda shanu ke yin damina.

"Kawu, ku dakata kwana goma," in ji Mudassir. "Allura na zuwa har ƙofar ruga. Ni nake riƙe da abin."

Kawu ya dakata. Ya kuma faɗa wa sauran makiyaya su dakata, ɗansa ne ya faɗa.

To, a ofishin akwai wata Ummu Salma, 'yar Gafasa, mai NCE. Ba ta da yawan magana. Ita aka fara ba wa aikin rubuta littafin jagora, wanda wakilai za su riƙa dubawa don su san abin da za su danna. Kafin ta rubuta ko layi ɗaya, sai da ta kwana uku tana zama da wakilan Gafasa a gindin darbejiya, tana kallon yatsunsu a kan waya. Daga nan ta ɗauki takarda guda ta jera kalmomi goma sha biyu, ta ce kowane abu a manhajar nan suna ɗaya gare shi, kuma sunan da ke kan allon waya shi ne zai shiga littafi.

Malam Barau ya ce tunda ga mai digirin Hausa a ofis, a ba shi ya duba kafin a kai wurin bugawa.

Jama'a, nan aka yi kuskure.

Mudassir ya ɗauki takardun da yatsa biyu, kamar ya tsinci tsumma a kan hanya. Ya karanta shafi ɗaya, ya yi dariya. Ya karanta na biyu, ya jingina da kujera.

"Danna Tura. Danna Tura. Idan ka samu sabis danna Tura." Ya ɗago ya dube ta. "Malama, littafi kika rubuta ko tallan masu baro a kasuwa? Sau ashirin da uku na ƙirga. Tura, tura, tura. Hausa ce ta talauce ko ke ce?"

"Abin da ke jikin maɓallin ke nan," in ji Ummu Salma.

"Na gani ai, ina da ido. Amma rubutu ado ne. Marubucin da ya maimaita kalma sau biyu a sakin layi ɗaya, malaminmu jan biro yake sa masa. Ke kin maimaita sau ashirin da uku, sai dai a zuba miki kwalbar tawadar gaba ɗaya."

"Malam Mudassir, na zauna da su. Da na ce wa ɗaya daga cikin wakilan, Malam Gaji, ya aika, sai yatsansa ya tsaya a sama, yana neman inda aka rubuta aika. Da na ce Tura, nan take ya danna. Ba labari suke karantawa ba. Ido ɗaya a littafi, ido ɗaya a waya, suna neman abin da ya yi kama da juna."

"Wato kin mayar da mutane jahilai."

"A'a. Mutum ne a tsaye cikin rana, shanu na ture shi, mai garke na jiransa. Ba shi da lokacin tunanin ko aika da tura abu ɗaya ne."

Mudassir ya girgiza kai, ya juya wajen kwamfutarsa. "NCE ce ke magana, ba laifinki ba ne. Bari in nuna miki yadda ake wa harshe kwalliya."

Kwana biyu ya yi yana kwalliyar. Inda ta rubuta Adana, a shafi na uku ya mayar da shi "ajiye", a na biyar "taskace", a na shida "killace". Inda ta rubuta Tura kuwa, nan ya nuna bajinta. "Aika." "Isar." "Miƙa." "Gabatar." A shafin ƙarshe ya zaɓo wadda ta fi burge shi: "Da zarar ka iso inda sabis ya wadata, sai ka sadar da bayanan." Adana ta tsira a wuri biyu, don ya gaji da neman madadinta. Tura kuwa ko sau ɗaya bai bar ta ba. Ya tsane ta, saboda ita ce ya yi wa dariya.

Layi ɗaya ne bai taɓa ba, don ya yi masa daɗin faɗa. A shafin farko Ummu Salma ta rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA DANNA MAƁALLIN DA LITTAFIN NAN BAI AMBATA BA.

Aka buga littafin a takarda mai sheƙi. A bango an rubuta "Tacewa da gyara: Mudassir, B.A. Hausa." Sunan Ummu Salma yana can ƙasa, sai ka sa tabarau.

Ta karanta, ta same shi a teburinsa. "Tura ba ta cikin littafin nan ko ɗaya. Ko a shafin ƙarshe kaɗai ka mayar da ita."

"An riga an buga. In kina son naki, ki kai wa 'yan garinku."

Haka kuwa aka yi. Wakilan Gafasa sun riga sun saba da tsohon daftarinta na hoton takarda, baƙi da fari, suka ce a bar musu kayansu. Mudassir ya ce madalla, kowa da irin abincin da cikinsa ya saba. Shi kuma ya ɗauki mai sheƙin ya nufi Toranke.

Wakilin Toranke shi ne Malam Sharfaddeen, dattijo mai shekara hamsin da wani abu, malamin Islamiyya. Shi ya koya wa Mudassir alif da ba'un. Mutum ne da idan an rubuta abu, to abin da aka rubuta zai yi, ba ƙari ba ragi. An ware awa biyu don Mudassir ya koya masa manhajar. Awa ɗaya da rabi ta tafi a jawabi kan fasahar zamani da matsayin Hausa a duniya, ga mutanen gari sun taru suna gyaɗa kai. Da aka zo kan waya, ya nuna masa inda ake rubuta suna da adadi, ya duba agogo.

"Sauran duk yana cikin littafi, Malam. Da Hausa na rubuta, Hausa mai kyau."

Malam Sharfaddeen ya hau tsohon kekensa. Kwana huɗu yana bin rugage, daga safe har la'asar. Ruga talatin da ɗaya, shanu ɗari huɗu da sittin. Kowace ya rubuta, ya danna Adana, waya ta ce "An adana."

Ranar Talata ya kira Mudassir.

"Mudassiru, tambaya gare ni. Littafi ya ce in sadar da bayanai. Na duba wayar nan ban ga..."

"Malam, ina cikin taro." Ba taron komai, shayi yake sha. "Komai na rubuce. A sake karantawa a tsanake, ai ku kuka koya mana maimaita karatu."

"To, amma akwai wani maɓalli a ƙasa da..."

"Abin da littafi ya ce shi za a yi. Sai anjima, Malam."

Ya kashe waya, ya ce wa mai shayi, "Tsofaffin nan, ka tauna ka ba su, su ce ka haɗiye musu."

Ranar Laraba Malam Barau yana Kano wurin masu kawo allura. Ummu Salma ta buɗe kwamfutar ofis ta ga Gafasa ta cika, Toranke kuwa fayau.

"Malam Mudassir, Toranke ko saniya ɗaya ba ta shigo ba."

"Sabis ne. Mutanena sun san abin da suke yi, a dunƙule zai shigo."

"Ba ni lambar Malam Sharfaddeen in kira shi. Minti ɗaya ne."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ki tsaya a Gafasarki. Garinmu ne, malamina ne, kawuna ne. Ban yi lalacewar da za ki koya mini yadda zan yi magana da su ba."

Ta koma teburinta. Ranar Alhamis da safe ta sake faɗa masa. Ya ce ya ji, ya kira sau ɗaya, wayar Malam ba ta shiga ba, ya ajiye. A ransa yana da tabbacin cewa kafin azahar zai ga lambobi sun cika allo, ya juya ya yi mata kallon da ya tanada.

Aka kira azahar. Allo bai motsa ba.

La'asar sai ga kiran Malam Barau. "Mudassir, Toranke shanu sun ƙare ne? Na ba da adadin Gafasa, an rufe. Me ya faru?"

"Yallaɓai, wakilin ne. Tsoho ne, bai fahimci waya ba."

"To ka sanar da mutanen yau, kada su taru ranar Litinin a banza."

"In sha Allahu."

Bai sanar ba. Ina zai sa fuskarsa? Juma'a ya ce bari ya gwada roƙon masu allura ko za su ƙara. Suka ce abin a ƙidaye yake zuwa a cikin akwatin sanyi, ba ruwan randa ba ne. Asabar ya ɗauki waya ya nemo lambar Kawu, ya kalle ta, ya mayar aljihu. Lahadi ya tsara jawabin da zai yi, wanda zai nuna wa kowa cewa shi ya yi nasa, wanda aka ba amana ne ya gaza.

Litinin ya hau acaɓa. Tun daga nesa ya hango su a filin bayan gari. Shanu fari da ja da baƙi, maruƙa na kuka, makiyaya sun jingina da sanduna. Tun da hantsi suke tsaye, wasu tun asuba suka taso. Da suka ga babur suka fara leƙen bayansa, suna neman motar likita.

Kawu Bubayero ya tare shi. "Ina masu allurar?"

Mudassir ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a, abin baƙin ciki ne. Ofis ya yi iya ƙoƙarinsa. Mun samar da manhaja, mun samar da littafi wanda ko ɗan firamare zai gane. Amma bayananku ba su iso mana ba, saboda wanda aka ɗora wa nauyin bai yi abin da aka rubuta masa ba."

Kowa ya juya wajen Malam Sharfaddeen.

Dattijon bai yi fushi ba. Ya jingine kekensa, ya zaro littafin mai sheƙi daga aljihun riga. Duk ya lanƙwashe, gefen shafukan cike da rubutun fensir.

"Mudassiru, zo ka nuna mini. Wataƙila idona ne." Ya buɗe. "Nan ka ce in aika. Ga waya, ina Aika?"

Malam ya juya shafi.

"Nan ka ce in isar. Nan in miƙa. Nan in gabatar. Nan ƙarshe in sadar. Biyar ke nan, na rubuta su a jere. Na ce to ayyuka biyar ne, kowanne da maɓallinsa. Dare uku ina duba wayar nan lungu-lungu, ban ga ko ɗaya ba."

"Malam, ai duk abu ɗaya ne! Duk Tura ake nufi. Ga shi nan ƙato a ƙasa, ko makaho..."

"Na gan shi. Kullum ina ganinsa." Malam Sharfaddeen ya koma shafin farko, ya sa yatsa a kan manyan baƙaƙen, ya karanta a hankali kamar yana biya wa yara. "Kada ka danna maɓallin da littafin nan bai ambata ba. Na bi littafinka daga bango zuwa bango sau huɗu. In akwai Tura a ciki, nuna wa jama'a, ni kuma in ba su haƙuri."

Ya miƙa masa.

Mudassir ya karɓa. Ya san babu, shi ya cire ta da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana jin daɗi. Duk da haka ya riƙa buɗe shafuka, don bai san abin da zai yi da idanunsa ba.

"Na ji tsoro kada in danna in goge wahalar mutane ta kwana huɗu," in ji Malam. "Shi ya sa na kira ka. Ka ce kana taro."

Wani makiyayi daga baya ya ce, "To wai yanzu maɓallin nawa ne, biyar ko ɗaya?"

"Ɗaya ne," in ji wani. "Sunayen ne biyar, kamar ɓarawon da ake nema."

Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Mudassir ya karɓi wayar, ya danna Tura. Ko ƙiftawa biyu ba a yi ba ta ce "An tura." Shanu ɗari huɗu da sittin suka isa Gaya, kwana huɗu bayan an rufe ƙofa.

Duk wannan Kawu Bubayero yana tsaye a gefe. Sai ya juya wajen garkensa, ya yi kira sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Ɓaleye."

Can tsakiyar shanu wata baƙar saniya ta ɗago kai. Ta ratso 'yan'uwanta, ta zo ta tsaya a gabansa. Ya shafa wuyanta.

"Shekararta tara," in ji Kawu, bai ko dubi Mudassir ba. "Tun ranar da ta faɗo sunanta ke nan. Ni haka nake kiranta, 'ya'yana haka, matana haka. Ba don ba mu san wasu sunaye ba. Na san sunan saniya ya fi ɗari. Amma in yau na ce mata wannan, gobe na ce wancan don a ce na iya, ranar da kura ta zo zan yi ta kira tana kiwonta."

"Kawu, bayan wata biyu za a..."

"Bayan wata biyu gero ya kai gwiwa. In zauna da shanu tamanin a tsakiyar gonakin mutane? Kwana goman da na ƙara ma, da kunya na ƙara su." Ya ɗaga sandarsa ya saɓa a kafaɗa. "Gobe za mu tashi. Ba allura. Inda za mu kuwa an ce akwai tari a garkunan da suka riga mu. Ni na tsayar da mutanen nan, na ce ɗana ne ya faɗa. Da bakina zan bi su in ba su haƙuri, kai kada ka wahalar da naka. Ya yi aiki da yawa."

Ya kora shanunsa. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi. Babu wanda ya zagi Mudassir, babu kuma wanda ya yi masa sallama. Malam Sharfaddeen ya karɓi wayarsa, ya bar masa littafin a hannu.

A wannan ranar, a Gafasa, an yi wa shanu ɗari biyar da 'yan kai allura kafin la'asar.

Malam Barau ya sa an tattara littattafan masu sheƙi an zuba a kwali. Ya ce daga yau duk takardar da za ta fita daga ofishin nan, ko ta waye, sai ta bi ta teburin Ummu Salma. Mudassir bai yi musu ba.

Kafin kaka labari ya zo daga mashekari. Tarin ya shiga garkunan Toranke. Kawu Bubayero shi kaɗai ya rasa goma sha ɗaya. Mudassir ya kira shi ya yi masa jaje, ya fara jero kalmomin ban haƙuri. Kawu ya saurara kaɗan, ya ce, "Ɗaya ta isa," ya kashe waya.

Darasi: Idan kana rubuta wa mutum abin da zai bi ya yi aiki, ba kai ake son a gani ba, hanya ake son a gani. Abu ɗaya, suna ɗaya, daga shafin farko har na ƙarshe, kuma sunan da ke gaban idonsa shi za ka rubuta, ko sau ɗari ne. Kwalliyar magana tana da wurinta, amma ba a littafin jagora ba. Sannan kada takardar makaranta ta sa ka raina wanda ya zauna da mutane ya ga inda yatsansu ke tsayawa, kuma idan an kira ka da tambaya, ka tsaya ka ji ta har ƙarshe. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana rubuta jagorar manhaja, ko takardar magani, ko sanarwar ofis. Wani garken na jiran abin da zai rubuta.